Ma'aunin Baba

Ranar Lahadin ƙarshe ta watan Agusta, shekarar 1978, Barnabas ya karya tsinken ashana a kan teburin cin abinci, ya haɗa shi da wani lafiyayye, ya dunƙule su a hannu, ya ce wa 'yan biyunsa kowacce ta ja ɗaya. Lilla ta ja dogo. Dorka ta ja gajere, ta ɗaga shi sama tana tsalle, don a zatonta ita ce ta ci.

"Me na samu, Baba?"

"Babban matsayi," in ji Barnabas. "Daga yau ke ce ma'aunina."

Kakan yaran, tsoho Vilmos, yana can ƙarshen tebur yana shan romon kaza. Ya ajiye cokali. Shekara arba'in ya yi yana koyar da tarihi, kuma abu ɗaya da ya tsinta a ciki shi ne, duk ranar da babba ya ba ƙarami sabon suna, to akwai abin da yake shirin karɓe masa.

Barnabas mijin 'yarsa Piroska ne. Aikinsa bincike a wata cibiya nan birnin Szeged, a kan yadda ya kamata a koya wa 'yan firamare lissafi. Yana da sabuwar hanya, ta 'yan sanduna masu launi da wasanni, kuma ya yarda da ita kamar addini. Matsalarsa ɗaya ce. Duk lokacin da ya kai sakamako babban birni, sai manya su taɓe baki su ce ai yara sun bambanta, gidaje sun bambanta, kawuna sun bambanta. To ga shi Allah ya ba shi yara biyu masu fuska ɗaya, gida ɗaya, tukunya ɗaya, kuma a makon nan za su shiga aji ɗaya na firamare.

Ya zayyana dokar yana yanka nama. Lilla za ta shiga ajin da ake gwada hanyarsa, kuma kullum da yamma za ta zauna da shi a ɗakin karatunsa. Dorka za ta shiga ɗaya ajin, wurin Malama Gizella, inda ake haddace lissafi kamar yadda aka saba tun kaka da kakanni. A gida kuwa, kada wanda ya taɓa mata zancen lissafi. Duk Asabar zai ba su tambayoyi iri ɗaya, ya auna tazarar da ke tsakaninsu.

"Har zuwa yaushe?" in ji Vilmos.

"Shekara biyu kacal, Baba."

"Shekarunta shida. Sulusin rayuwarta ke nan. Ka ga ni ma na taɓa lissafin."

Barnabas ya yi murmushin da yake yi wa ɗalibai. "Ba a hana ta komai ba. Abin da kowane yaro a ƙasar nan yake samu, shi za ta samu."

"Kowane yaro yana da kakan da ke buga domino da shi."

"Domino kam sai ku ɗan ajiye shi tukuna."

"Baba, romonka yana hucewa," in ji Piroska, ba ta ɗago kai ba.

Vilmos ya ɗauki cokalinsa. Tun bayan rasuwar matarsa Etelka ya haɗa gidansa da nasu aka yi musanya, aka samo wannan babban gida kusa da kogin Tisza. Sunan Barnabas ne a takardar gidan. Shi kuma ya samu ɗan ɗakin da ke bayan kicin, wanda aka gina tun zamanin da ake ajiye 'yar aiki, ya cika shi da littattafai har rufi. Mai irin wannan ɗaki yakan san iyakar tsawon harshensa.

A makonnin farko Dorka ta ɗauki sunan nan kamar sarauta. Har mai sayar da burodi sai da ta gaya wa. "Ni ce ma'aunin Baba. Lilla ba ma'auni ba ce, ni kaɗai ce." Da yamma idan aka rufe ƙofar ɗakin karatu, sai ta zauna a dandamalin bakin ƙofar, tana jin ƙaras-ƙaras ɗin sanduna da dariyar 'yar'uwarta.

"Kaka, yaushe ma'auni yake shiga?"

"Idan an gama da waɗanda ba ma'auni ba."

"To, bari in jira."

Sannu a hankali kayan gida suka fara ɓacewa. Domino, wasan nan na ƙirga ɗigo a kan 'yan katakai, ya koma saman kabad, karta ta bi shi. Sikelin da Etelka ke auna fulawa da shi, wanda Dorka ke son ɗora masa duwatsun awo, shi ma ya hau sama. Aka daina aikenta sayen burodi, don karɓo canji lissafi ne. Jera cokula a tebur ya koma hannun Lilla. Barnabas yana da kalma guda da yake rufe bakin kowa da ita: gurɓata. Kada a gurɓata sakamako. Wata rana ya tarar da Dorka tana hawa matakala tana ƙirga su da waƙa, sai ya ɗauke ta cak yana mata cakulkuli har ta manta inda ta tsaya. Ba mugu ba ne mai duka ko tsawa. Da ma mai duka ne, da an san sunan abin da yake yi.

Vilmos ya tare shi a kicin.

"Ka ce abin da kowane yaro ke samu za ta samu. Yanzu ko ƙirga matakala ka hana ta. Wannan ba awo ba ne, horon yunwa ne. Kana danne ɗaya da yatsa don ɗayar ta yi sama, sannan ka ce sikeli ne ya faɗa."

"Ku fagenku tarihi ne, Baba. Ku bar mana namu."

"Ai a tarihin na san irinka. Duk da kyakkyawar niyya suke zuwa."

"Yara dubu nawa ne a ƙasar nan suke kuka saboda lissafi? Idan aikin nan ya karɓu, duk za su huta. Yarinya ɗaya ta ɗan jinkirta, a wata uku zan cike mata giɓin."

"To ka gaya mata haka. Ka ce mata ashana ce."

"In ta sani, ai an gurɓata."

A ajin Malama Gizella yara hannu a baya suke zama, ƙirji a miƙe. Wanda ya amsa daidai a ɗiga masa jan ɗigo, wanda ya kuskure baƙi. Dorka ta gano cewa a bayan nan tana iya ƙirgawa da yatsu ba a gani, tana farawa daga babban yatsa kamar kowa. Malama Gizella ta shekara talatin tana kama masu wannan dabara. Ta zagayo ta baya, ta riƙe hannun, ta ɗaga wa aji.

"Ku duba, da yatsu muke tunani ko da kai?"

"Da kai!" in ji aji baki ɗaya.

Baƙin ɗigo na farko ke nan. Na biyu bai daɗe ba.

Wata yamma Vilmos yana ɓare gyaɗa a kicin, Piroska na gaban murhu, sai Dorka ta raɓo jikinsa, ta yi ƙasa da murya.

"Kaka, takwas da biyar nawa ne?"

Ga gyaɗa nan tsibi a gabansa. Abin da zai yi kawai ya ware takwas nan, biyar can, ya ce ta haɗa. Ya dubi bayan Piroska, ya ga cokalin miyarta ya tsaya cak a cikin tukunya. Ya dubi ƙofar ɗakin karatu.

"Ki tambayi malamarki gobe," ya ce.

Mutumin da ya san shekarar kowane yaƙi da sunan kowane sarkin da aka sare wa kai, ya kasa cewa sha uku. Da ya koma ɗaki sai ya juya hoton Etelka ya fuskanci bango. Ya san da tana raye, da tuni ta kife wa Barnabas tukunyar miya a ka, ta kuma sa shi ya wanke tukunyar.

Ranar da yara ke goge takalma su jera a taga don su wayi gari da kyauta a ciki, Vilmos ya sayo ƙaramin domino na katako, ya cusa a takalmin Dorka, ƙarƙashin lemo da cakulan. Da safe ya fito da wuri don ya ga fuskarta. Lilla ta samu akwatin sandunan launi nata na kanta, aka wuce da shi ɗakin karatu a rufe. Dorka ta samu lemo, da cakulan, da 'yar tsana. Domino kuwa yana kan gadonsa, Piroska ta mayar masa.

"Don Allah, Baba, kada ka ja mana rigima."

"'Yarki ce."

"Na san 'yata ce, ni na haife ta. Yara suna mantawa. Kai ka tuna abin da aka yi maka kana shekara shida?"

"Sarai. Shi ya sa na zama haka."

"In ya samu digirin da yake nema da aikin nan, komai zai canza. Za a ƙara masa matsayi, zai samu natsuwa. Ka san yadda yake idan aiki bai tafi ba. Ni ce nake kwana da shi, ba kai ba."

Ta ɗauki jakarta ta tafi kantin maganin da take aiki, inda take yini tana gargaɗin mutane kada su ba yara abin da ya fi ƙarfinsu.

Kafin sanyi ya wuce, Dorka ta fara ciwon ciki duk safiyar da ke da darasin lissafi, wato kullum. Likita ya duba bai ga komai ba. Ta cinye faratanta, ta koma cin fatar yatsun, har ta riƙa ɓoye hannu cikin hannun riga. Ranar Asabar idan uban ya jera su a tebur da takardar tambayoyi, Lilla takan gama tana lilo da ƙafa, ita kuwa Dorka ta zuba wa takardar ido har sai an karɓe. Barnabas ya duba, ya gyaɗa kai cikin gamsuwa, ya shafa kanta.

"Yawwa, ma'aunina. Kin yi aikinki."

Ita dai ta kasa gane wane irin aiki ne wannan, da ake yaba mata idan ta kasa. A filin makaranta yara sun riga sun warware mata. Suna cewa kai ɗaya aka ba su su raba, Lilla ta riga ta zuwa ta kwashe. Malama Gizella ta gaya wa Piroska cewa ba kowane yaro aka halitta da kan lissafi ba, yarinyar tana da ladabi, za ta iya ɗinki. Dorka ta daina gaya wa mutane sunanta na sarauta. Wata rana tana zaune a ƙasan ɗakin Vilmos tana tsefe gashin 'yar tsana, ta ce, ba tare da ta dube shi ba:

"Kaka, na gane ma'auni. Shi ne wanda ba ya ganewa, don a san ɗayan yana ganewa."

"Wa ya gaya miki?"

"Ba kowa. Ni na gane."

A watan Maris Lilla ce ta kawo dabara. Ba a bambanta su sai da ƙyallen gashi, na Lilla ja, na Dorka shuɗi. Wata yamma Vilmos ya ga mai jan ƙyalle ta nufi ɗakin karatu, hannayenta a ɓoye cikin hannun riga, mai shuɗi kuma ta faɗo ɗakinsa ta rufe ƙofa tana haki.

"Kaka, kada ka faɗa. Sau ɗaya ne. Kullum sai ta tambaye ni yaya launin sandunan yake."

"Ni wa na gani? Tsoho ne ni, idona ba ya gani sosai."

Ya fita ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin karatu, a inda Dorka ta saba zama. Ya ji Barnabas yana cewa, "Yau darduma za mu shimfiɗa wa baƙi." Vilmos ya san wasan daga bakin Lilla. Kowane sanda da tsawonsa, fari ɗaya ne, shuɗi uku, ja huɗu, baƙi bakwai. A ajiye baƙin, sai yaro ya jera sanduna bibbiyu a ƙarƙashinsa, layi bayan layi, duk hanyar da za su yi tsawonsa, har abin ya zama kamar darduma.

Sai ƙaras, ƙaras, a hankali, kamar mai taɓa ƙwai. Can sai ƙarar ta tsaya.

"Layi uku kika yi. Saura."

"Ba sai na yi sauran ba."

"Don me?"

"Ai su ne dai, juya su kawai za a yi. Ja da shuɗi, ko shuɗi da ja, duk tsawon baƙi ne."

Vilmos ya ji kujera ta yi baya da ƙarfi. "Madalla! Madalla da 'yata! Tun kaka nake jiran ki gano wannan da kanki. Sake faɗa, yaya kika gani?"

Muryar yarinyar ta tashi, irin tashin da ya rabu da ji tun bazara. "Ko wanne ka sa a gaba, ɗaya ne. Kamar ni da Lilla."



"Nuna min hannunki," in ji Barnabas.

Bai yi faɗa ba. Ya tattara sandunan cikin akwati ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa daidai tsawonta, ya yi mata magana da murya mai laushi. Ya ce ba laifi, ya san ba da gangan ta yi ba. Ya ce abin da ta faɗa ba ita ta gano ba, ta ji Lilla tana faɗa ne ta bayan ƙofa, sai ya zauna mata a kai, kamar yadda aku ke riƙe magana.

"Haka ne, Baba?"

"Haka ne."

"To," in ji Dorka. Ta kwance jan ƙyallen da kanta, ta miƙa masa.

Kafin cin abincin yamma Piroska ta zaunar da ita a kan kujerar kicin, ta yafa mata tawul, ta sa almakashi ta datse gashin har saman kunne. Tana yi tana cewa ai gajeren gashi ake yayi yanzu, kuma ya fi sauƙin wanki. Lilla ce ta yi kukan. Dorka tana kallon gashin yana zuba a ƙasa, hannayenta a baya.

Vilmos ya shiga ɗakin karatu ba sallama.

"Lilla ta taɓa faɗin abin nan?"

Barnabas ya cire tabarau ya murza ido. "Ba ta taɓa ba."

"Wato wadda ba ka koya wa komai ba, zama ɗaya ta ga abin da ka shafe watanni kana jira."

"Wannan ma ai shaida ce cewa sandunan suna aiki."

"To rubuta shi."

"Ba zai shiga ba. Ranar yau ba ta cikin tsari."

"Ka yi wa 'yarka ƙarya tana kallon idonka. Ni zan gaya mata. Zan ce mata ita ta gano, kuma kai ma ka sani."

Barnabas ya mayar da tabarau. Ya ce ya daɗe yana lura matakalar gidan nan tana wahalar da Baba. Ya ce akwai gidan tsofaffi a bayan gari, mai lambu, shugaban wurin abokinsa ne, ba sai an bi layi ba. Wuri ne mai tsabta. Illa dai ɗaki na mutum huɗu ne, kuma akwati ɗaya ake yarda mutum ya shiga da shi.

"Littattafai kam sai dai a san yadda za a yi da su," ya ce, cikin ladabi.

Piroska ta biyo mahaifinta ɗaki, idonta jawur. Ta riƙe hannunsa. Ta ce ya yi haƙuri zuwa watan Yuni kawai. A Yuni Barnabas zai yi babban awo, ya kai sakamakon shekara babban birni, daga nan ita da kanta za ta tsayar da abin, ta rantse da kabarin mahaifiyarta. Wata uku ne. Me wata uku zai ƙara?

Vilmos ya dubi littattafansa. Akwai waɗanda suka yi bayanin yadda mutanen kirki ke zama shiru a gefen zalunci, ya karanta su duka, har ya ja layi a ƙarƙashin wurare masu kyau.

"Zuwa Yuni," ya ce.

Abin da wata uku ya ƙara shi ne, Dorka ta daina ko gwadawa. Idan Malama Gizella ta kira sunanta, sai ta miƙe ta ce "Ban sani ba" tun kafin a gama tambayar, ta zauna. Ta daina zaman bakin ƙofa. Idan aka tambaye ta shekarunta, sai ta dubi Lilla. Da gajeren gashin nan da ramar da ta yi, ba wanda ya ƙara rikita su. Maƙwabta har cewa suke, ashe dai ba su yi kama sosai ba.

Barnabas ya tafi babban birni da zanensa mai layi biyu, ɗaya ya miƙe sama, ɗaya yana kwance. Ya dawo da fara'a da kwalbar giya. An tafa masa. Wani babba ya ce bai taɓa ganin sakamako mai tsabta irin wannan ba, kuma lallai a ci gaba zuwa shekara ta biyu. Vilmos ya dubi Piroska. Piroska ta tashi ta ce bari ta duba abin da ke kan wuta, alhali ba komai a kan wutar.

Washegari ne ranar raba sakamakon makaranta. Vilmos ya tashi da shawararsa a yanke. Ya sauko da tsohon akwatinsa daga saman kabad, ya zaɓi abin da zai shiga, ya sa hoton Etelka a sama. Abin mamaki, zaɓen bai yi wuyar da ya zata ba. Sannan ya tafi kasuwa ya sayo ceri, jajayen 'ya'yan itacen nan masu dogon tsinke, don Dorka tana son rataya su a kunne. Ya shirya zai kai ta bakin kogi, su zauna a kan benci, ya gaya mata komai daga ashana har darduma. A hanya yana ta gyara kalmomin, yana rage su, don su yi daidai da kunnen 'yar shekara bakwai.

A matakalar hawa na biyu ƙafarsa ta dama ta ƙi ɗaguwa. Ya ga ceri suna gangarawa ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ya yi mamakin wa ya zubar.

Ya yi makonni a asibiti. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta tafi. Hankalinsa garau, yana jin komai, yana gane komai, amma idan ya buɗe baki ya nemi ruwa ko ya kira suna, abu ɗaya ne ke fitowa, shi ne ƙirga. Likita ya ce haka yakan faru, abin da harshe ya haddace tun yarinta yakan tsira idan sauran sun tafi.

Da aka dawo da shi ɗan ɗakinsa, Piroska ta shigo da yaran su gaishe shi. Lilla ta sumbaci goshinsa ta koma gefe. Dorka ta tsaya a bakin gado.

"Kaka, an ce sai na maimaita aji. Baba ya ce ba komai, haka ma ya fi."

Vilmos ya kama hannun rigarta da hannunsa mai lafiya. Kalmomin suna nan a jere, tun ranar kasuwa suke jira. Ya tattara duk ƙarfinsa, ya dube ta cikin ido.

"Ɗaya," ya ce.

Dorka ta ƙifta ido.

Ya girgiza kai, ya sake ɗaukar numfashi. Jijiyar wuyansa ta miƙe. "Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu."

"Kai ma, Kaka?"

"Biyar," in ji Vilmos, hawaye na gangara cikin kunnensa. "Shida. Bakwai."

Barnabas yana tsaye a bakin ƙofa, ya harɗe hannu. "Abin sha'awa ne fa," ya ce wa Piroska a hankali. "Kin ga ƙirga a wani wuri dabam take zaune a ƙwaƙwalwa."

Dorka ta zare rigarta daga hannun tsohon. Ta miƙe ƙirji, ta mai da hannayenta baya, kamar yadda aka koya mata.

"Ban sani ba, Kaka," ta ce. "Ban san amsar ba."

Ta fita. Daga ranar, idan aka ce ta kai masa shayi, sai ta ajiye a bakin ƙofa ta gudu, don kada ya sake yi mata tambaya. Kafin a koma makaranta aka kai shi gidan nan mai lambu, da akwatin da ya riga ya shirya da hannunsa. Masu jinya sun ce tsoho ne mai sauƙin kai, sai dai duk yarinyar da ta wuce ta taga, sai ya ɗaga hannu ya kama ƙirga. Bai ga ƙarshen sanyin shekarar ba.

Hanyar Barnabas ta karɓu. An ce yara da yawa sun ji daɗinta, kuma mai yiwuwa gaskiya ne. A littafin da ya buga, ya gode wa matarsa saboda haƙurinta, da marigayi surukinsa saboda shawarwari masu amfani. Yaran kuwa ba a ambaci sunansu ba, an kira su yarinya ta farko da yarinya ta biyu.

Maganar da Vilmos ya tsara a hanyar kasuwa ba doguwa ba ce. Ya yi ta rage ta har ta dawo jimla uku. Dorka, kanki lafiya lau yake. Dardumar nan ke kika gano ta, ba wanda ya gaya miki. Ashana ce kawai ta zo gajeriya.